Ƙasar da muke takawa a Malumfashi

Ranar 8 ga Satumba, 2023, da ƙarfe 11:11 na dare, ƙasa ta girgiza a tsaunukan Atlas na Maroko. Agogonsu ɗaya ne da namu a lokacin. Kafin gari ya waye ƙauyuka da dama sun zama kufai, mutum fiye da 2,900 suka riga mu gidan gaskiya, da yawansu a cikin gidajen ƙasa da na dutse da suka gada kaka da kakanni. Tsakanin inda abin ya faru da Malumfashi akwai tazarar kilomita kusan 2,700. Duk da haka, wajen minti 15 bayan nan, ragowar girgizar ta ratso ta ƙarƙashin garinmu. Ta ɗaga kasuwa da masallacin Juma'a da gidan Galadima da gonakin masara ɗan abin da ido ba ya gani, ta sauke su, ta wuce kudu maso gabas. Ba wanda ya ji. Na'ura kaɗai ke iya ba da shaidar wucewarta.

Ni ɗan mai ginin rijiya ne, kuma da wannan idon nake kallon lamarin. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ƙare rayuwarsa yana shiga cikin ƙasa, daga nan cikin gari har ƙauyukan Kafur da Bakori da Ƙanƙara. Kayan aikinsa dagi ne da diga da igiya da guga. Bai taɓa shiga aji ba, amma ya san ƙasar nan hawa-hawa take. A sama akwai ƙasar noma, wadda ba ta da wani kauri. Sai jar ƙasa, sai marmara mai cin bakin diga. In an fasa marmara a faɗa yumɓu, wani wuri fari fat, daga nan sai ruɓaɓɓen dutse mai marmashewa a hannu, inda ruwa yake kwance. Ƙarƙashin wannan kuma akwai abin da yake kira dutse mai rai, wanda in an kai gare shi to aiki ya ƙare, da ruwa ko babu. A kan tudu yakan ci karo da shi bayan 'yan gaba kaɗan. A fadama kuwa ruwa ke koro shi tun bai ga alamar dutse ba.

Ina yaro ni ke zama a bakin rijiya ina jan guga. Wata rana yana can ƙasa ya ɗago murya ya ce, "Kai, ɗora tafin hannunka a ƙasa." Na ɗora, ya kai wa marmara sara da dagi. Na ji bugun ya zo mini a tafi, ƙwas, ya ɗauke nan take. Bayan wani lokaci muna aiki a bakin wata fadamar rake ya sake sa ni yin haka. Wannan karon bugun ya zo da nauyi, ƙasar ta ɗan yi rawa kafin ta lafa. Na ce, "Baba, me ya sa na nan ya daɗe?" Ya ce, "Ƙasa mai taushi ba ta sakin bugu da wuri. Shi ya sa ba a kafa soro a kanta."

Abin da ya ji da hannu, masana sun ɗauki shekaru kafin su kama shi da lissafi. A 1885 wani masani ɗan Ingila, Lord Rayleigh, ya nuna a kan takarda cewa lalle akwai wata irin igiyar girgiza da ba ta nutsewa cikin ƙasa, doronta kawai take bi. A lokacin ba wanda ya taɓa ganinta a na'ura. A 1889 wani Bajamushe, Ernst von Rebeur-Paschwitz, ya ga na'urarsa a garin Potsdam ta yi wani motsi da bai san dalilinsa ba, daga baya ya gano ya zo daidai da wata girgiza da aka yi a Japan. Wannan ne karo na farko da aka kama girgizar ƙasa daga wata nahiya. Sai Richard Oldham, wanda ya yi nazarin babbar girgizar Assam ta Indiya ta 1897. A 1900 ya tantance cewa kowace girgiza tana aiko da saƙo uku, ɗaya bayan ɗaya. Na farko yana matse dutse yana sakinsa, yana gudun wajen kilomita 6 a daƙiƙa ɗaya cikin dutse irin namu. Na biyu yana murɗa dutsen, gudunsa wajen kilomita uku da rabi. Waɗannan biyun ta cikin ƙasa suke bi. Na uku shi ne mai bin doron ƙasa: ya fi su nawa, shi ke zuwa ƙarshe, amma a kan takardar na'ura ya fi su girma nesa ba kusa ba. A 1911 A. E. H. Love ya fito da lissafin wata igiyar doron ƙasa ta biyu, aka sa mata sunansa.

Igiyar Rayleigh tana ɗaga ƙasa sama, ta ja ta baya, ta sauke ta, ta tura ta gaba, tana kewayawa haka. Ta Love kuwa ba ta ɗagawa, karkaɗa ƙasa take yi dama da hagu, kuma ba ta samuwa sai inda shimfiɗa mai taushi ta hau kan mai tsauri, wato irin tsarin da mahaifina yake ratsawa da dagi. Dalilin da ya sa suke cin dogon zango ba wuya gare shi ba. Girgizar da ta shiga cikin ƙasa tana watsuwa ko'ina, sama da ƙasa da gefe, ƙarfinta ya rarrabu da wuri. Wadda ta maƙale a doron ƙasa gefe kawai take buɗewa, saboda haka ƙarfinta ya fi daɗewa. Bayan babbar girgizar Sumatra ta 2004, na'urori sun ga irin wannan igiya tana zagaya duniya tana komowa, kowane zagaye cikin wajen awa uku.

Kuma ba sai an yi girgizar ƙasa ake samunta ba. Duk wanda gidansa ke bakin titin Funtuwa zuwa Yashe ya san yadda ruwan randa ke rawa in tirela mai lodin masara ta faɗa rami. Masana sun lissafa cewa in aka bugi ƙasa daga sama, wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfin bugun igiyar Rayleigh yake zama.

Abin da ya fi burge ni a ilimin nan shi ne yadda igiyar take tona asirin abin da ke ƙasa. Igiya mai gajeren taku saman ƙasa kawai take taɓawa, sai ta yi tafiyar hawainiya cikin jar ƙasa da yumɓu. Mai dogon taku tana kaiwa ga dutse mai rai, sai ta yi sauri ta riga isa. In ka auna wadda ta riga da wadda ta makara, ka san kaurin kowace shimfiɗa ba tare da ka sari ƙasa ba. Da can masu neman man fetur hayaniya suka ɗauke ta, suna ta ƙoƙarin share ta daga takardunsu. A 1999 masu binciken ƙasa na jihar Kansas ta Amurka suka fito da hanyar amfani da ita wajen gwada wurin gini, yanzu kuma ana yin haka a duniya. Na taɓa tarar da wasu ɗalibai daga Zariya suna irin wannan awo a bayan gari. Sun jera 'yan kunnuwan ƙarfe masu tsini a ƙasa, waya ta haɗa su, wani ƙato yana dukan farantin ƙarfe da guduma. Na ce wa malaminsu, "Malam, me kuke saurare?" Ya juyo mini da kwamfuta, ya nuna wasu layuka masu lanƙwasa, ya ce, "Alhaji, ga marmara nan, ga inda dutse ya fara." Na tsaya ina kallo, idona ya ciko, don aikin da ya ci ƙarfin mahaifina na makonni ne yaran nan suka gani kafin azahar.

Shi kansa dutsen yana da tarihinsa. Wajen shekara miliyan 600 da suka wuce manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo a wannan yanki, duwatsu suka narke, wasu suka naɗe, wasu suka tsage. Duwatsun da ke tsaye a kewayen Funtuwa saiwoyin tsaunukan wancan zamani ne da ruwa da iska suka cinye. Hukumar binciken ƙasa da Turawa suka kafa a 1919 ta zana taswirorin duwatsun Arewa, daga baya malaman Jami'ar Ahmadu Bello suka ɗora. A farkon shekarun 1970 wata malama, Patricia McCurry, ta zana ta yankin da ya haɗa Zariya da Funtuwa da Malumfashi. Dutsen nan mai ɓarewa falle-falle da ake gani a gindin rafukanmu, a littattafan masana sunan Malumfashi yake ɗauke da shi. Akwai kuma wata doguwar tsohuwar tsaga da ake kira ta Kalangai, wadda ta taso daga wajen Birnin Gwari ta nufo arewa maso gabas ta ɓangarenmu. A jijiyoyin farin dutse da ke bin irin waɗannan tsagogi ne masu haƙar zinariya suke nema.

Tsoho ne dutsen, kuma ya natsu. Muna nesa da bakin manyan ɓangarorin ƙasa inda ake yawan girgiza, kamar Turkiyya da Japan, kuma ba a rubuta wata babbar girgiza a ƙasar Katsina ba. Alhamdu lillahi. Sai dai ban yarda da masu cewa abin ba ya zuwa ƙasashenmu ba, domin tarihi ya ƙaryata su. Ranar 22 ga Yuni, 1939, girgiza ta rusa gidaje a Akara ta kashe mutum 17, aka ji ta har Ikko, kuma ɓarnar ta fi yawa a unguwannin da ke kan yashi da laka. Ranar 22 ga Disamba, 1983, ta afka wa arewa maso yammacin Gini, inda ba a san ta ba, mutum fiye da 270 suka rasu. A 1984 aka ji ta a Ijebu-Ode. A Satumban 2016, daidai da Babbar Salla, mutanen Kwoi a kudancin Kaduna suka fito daga ɗakuna a firgice, bangaye suka tsattsage. A Satumban 2018 kuma ta motsa Mpape a Abuja, har hukuma ta dakatar da fasa dutse da haƙar burtsatse a wurin na wani lokaci. Kwoi da Mpape duk a kan tsohon dutsen Arewa suke. Cibiyar da ke sa ido kan wannan lamari tana Toro a jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, kuma tashoshinta ba su da yawa, ba su kuma daɗe ba in aka gwada da shekarun dutse.

To, ga inda maganar ta shafe mu. Girgiza ɗaya ce za ta zo, amma ba ɗaya za a ji ta ba. In ka taɓa ƙwarya cike da koko, ƙwaryar ta tsaya, kokon yana nan yana kai da kawo. Haka laka take a kan dutse. Igiyar da ta fito daga dutse ta shiga laka gudunta raguwa yake yi, tsayinta ya ƙaru, ta kuma maƙale a ciki tana kai da komowa. A 1985 birnin Meziko ya ga wannan da idonsa. Cibiyar girgizar tana nesa da shi da fiye da kilomita 300, amma tsakiyar birnin a kan busasshen tafki aka gina ta. Unguwannin kan dutse suka tsira da ƙaramar ɓarna, benayen da ke kan lakar tafkin, musamman masu hawa 6 zuwa 15, suka zube da dubban mutane.

Mutanen da, ba don tsoron girgiza ba, sun raba wa kowace ƙasa aikinta. Gari a kan tudu ko a gindin dutse, gona a jigawa, fadama ta rake ce da shinkafa da lambu. Magina suna ɗora tubali a kan marmara, bango mai kauri a gindi yana sirancewa a sama, ginin ba ya tsawo. Rauninsa ɗaya, rufin azara da ƙasa yana da nauyi kuma ba a ɗaure yake da bango ba, irin abin da ya danne mutane a ƙauyukan Maroko. Da auduga ta kawo kuɗi, jirgin ƙasa ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, sannan shirin bunƙasa noma na Funtuwa ya zo a 1975, garuruwanmu suka fara faɗi. Yanzu kuma ga 'yan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Tudu ya cika, an gangara fadama. Na ga filin da na sha rake a cikinsa ina yaro an cike shi da shara da burji an yanka fuloti, an kafa bene da bulon da za ka murje da yatsa, rodi kuma kamar ana rowarsa. Irin wannan gini ko damina mai ƙarfi tana iya tsaga shi, balle ƙasa ta motsa.

Roƙona ga masu fili da magina da masu ba da izinin gini a Malumfashi da Funtuwa da Bakori da Danja shi ne, duk wanda zai ɗora bene a inda aka san fadama ce ko tsohon kududdufi, a sa shi ya gwada ƙasar tukuna. Masu wannan awo suna nan kusa a Zariya. A zurfafa tushe har a samu ƙasa mai tsauri, a ɗaure bango da linta ta zagaye ginin gaba ɗaya, a daina rage siminti a bulo. Makarantu da asibitoci da masallatan Juma'a, inda jama'a ke taruwa, da su ya kamata a fara.