Akwati ɗaya, sunaye da yawa: tarihin lambar adireshin intanet

A taron kwamitin iyayen yara na makarantarmu aka kawo maganar buɗe shafin intanet, inda za a riƙa sa sakamakon jarrabawa da ranar komawa lakwal. Wanda zai yi aikin ya ce mu ƙara kuɗi kowane wata, domin shafin ya samu lambar adireshi tasa shi kaɗai. Da yake daga aljihun iyaye kuɗin za su fito, sai na koma na bi asalin maganar.

Duk na'urar da ke ajiye shafi tana da lamba, ana ce mata IP. Tsarin da aka fi sani, IPv4, an kafa shi a Amurka a 1981, kuma lambobinsa duka kusan miliyar 4 da miliyan 300 ne. A farkon zamanin shafuka, kowane suna sai da lambarsa. A 1997 aka fito da ƙa'idar HTTP/1.1, wadda ta wajabta wa kwamfutar mai ziyara ta faɗi sunan shafin da take nema. Daga nan shafuka da yawa suka iya zama kan lamba guda. Wanda ya taɓa karɓar wasiƙa ta akwatin gidan waya na makaranta ya san wannan: akwatin ɗaya ne, sunan da ke kan ambulan shi ke raba wasiƙu.

Matsala ɗaya ta rage. Shafi mai alamar kwaɗo, wato HTTPS, wanda ke ɓoye bayanan mai ziyara, yana bukatar lambarsa ta kansa. A 2003 aka samo mafita mai suna SNI, amma Internet Explorer na Windows XP bai gane ta ba, shi ya sa shawarar sayen lamba ta daɗe a bakin masu sana'ar.

Ana cikin haka lambobin suka ƙare. A Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba na ƙarshe ga cibiyoyin yankuna biyar, har da AFRINIC ta Afirka da ke tsibirin Moris. Abin da ya yi ƙaranci kuwa dole ya yi kuɗi. Takardar shaidar kwaɗon ita ma, tun 2015 Let's Encrypt ke bayar da ita kyauta.

Ba a ce haɗaka ba ta da aibi ba. Idan maƙwabcinka a lambar yana watsa wasiƙun damfara, ana iya toshe lambar, saƙonninka na imel su daina isa. Wanda ke aika imel da yawa kullum yana da hujjar keɓe tasa.

Mu kuwa iyayen yaranmu ta waya da WhatsApp muke samunsu. Na faɗa wa kwamiti cewa dalilin da aka ba mu na shekarun baya ne. Aka amince da lambar haɗaka, ragowar kuɗin aka ware su don gyaran bencina na ƴan aji ɗaya.