Malami a Fada: Rayuwar Abubakar Imam a Cikin Ƙagaggun Labaransa

Yawancin nazarin da aka yi a kan ƙagaggun labaran Alhaji Abubakar Imam ya karkata ne ga tambaya guda, wato daga ina ya samo su. An bi sawu an gano cewa wasu daga Alfu Laila suka fito, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu kuma daga tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu masu suna Girim suka tattara. Labarin Sarkin Busa ma asalinsa na wani gari ne a Jamus. Wannan aiki ne mai amfani, ba kuma nufina in rage masa daraja ba. Sai dai ya bar wata tambaya a baya. Mutumin da aka jibge wa littattafai a gabansa, me ya sa ya ɗauki wannan ya bar wancan? Me ya sa kuma a littattafansa biyu mafi shahara yake ta komawa ga hoto ɗaya, wato mai ilmi wanda bai gaji sarauta ba yana tsaye gaban Sarki, ba shi da makami sai bakinsa? Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa amsar tana cikin rayuwar marubucin.

Irin wannan nazari ba baƙo ba ne a wasu ƙasashe. Manazartan Amurka, alal misali, ba su raba labaran Mak Tuwen da garin Hanibal inda ya girma, da kogin Misisifi inda ya yi aikin tuƙa jirgin ruwa. Mu ne dai a nan muka saba karanta Imam kamar littattafansa daga sama suka faɗo.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, shekara goma bayan Turawa sun ci Kwantagora. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, wato gidansu gidan ilmi ne da ke hulɗa da fada kullum ba tare da ya zama gidan sarauta ba. Wanda ya tashi a irin wannan gida ya san cewa darajar malami a wurin masu mulki aba ce mai santsi: yau a nemi shawararsa, gobe a yi masa dariya. Wansa, Malam Bello Kagara, yana koyarwa a Katsina, can kuma Imam ya yi karatun zamani har ya gama Kwalejin Katsina a 1932, ya kama aikin malanta a Makarantar Midil. Yana wannan aiki ne Dokta R. M. East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta littattafai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi.

Yana da kyau a kwatanta wa da ƙane a nan. Bello, wanda ya ga zuwan Turawa da idonsa yana yaro, jarumin yaƙi ya ƙaga, mai takobi. Imam, wanda aka haifa bayan an mayar da takubba kube, bai ba tauraronsa takobi ba. Gida ɗaya ne, amma shekara ashirin da ke tsakaninsu ta raba abin da kowannensu ya ɗauka shi ne ƙarfi.

To, mu dubi Ruwan Bagaja. Sunan tauraron Alhaji Imam, garinsu kuwa Kwantagora. Marubuci ɗan shekara ashirin da biyu da ya ba tauraronsa sunansa da ƙasarsa bai ɓoye mana kome ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne dalilin tafiyar. Ba neman dukiya ya fitar da Alhaji daga gida ba, ba kuma neman mace ba. Liman, wanda ya riƙe shi a matsayin ɗa, shi ya faɗa a fada cewa ruwan Bagaja zai warkar da ɗan Sarki, aka yi masa ba'a, ya komo gida da baƙin ciki. Duk wahalar da ta biyo baya an sha ta ne domin a tabbatar wa Sarki cewa maganar malami ba tatsuniya ba ce. Masu karatu sukan manta da wannan saboda barkwancin Alhaji da Malam Zurƙe ya fi kama zuciya, amma shi ne ƙashin bayan littafin.

Kada kuma a ɗauka Imam ya tsarkake malamai. Alhaji da Zurƙe duka da rigar malanta suke damfarar mutane, suna damfarar juna. Manazarta sun daɗe da lura da kamannin wannan da Muƙamatul Hariri, littafin da manyan almajirai ke karantawa a zaurukan malamai, wanda tauraronsa ke cin abinci da fasahar harshe. Ɗan alƙali ya san malamin kirki, ya kuma san malamin tsibbu, bai kuwa ji nauyin nuna su duka biyu ba.

A 1936 aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya, ya zauna tare da East ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku daga 1937 zuwa 1939. A nan ne, a ganina, masu bin sawun tushe suka tsaya a inda ya kamata su fara. Gaskiya ne dabarar sanya aku ya riƙa ba da labari kowane dare don ya hana wani fita tsohuwa ce a adabin Indiya da na Farisa. Amma a can, matar aure ce akun ke hanawa zuwa wurin farkanta. Imam ya ɗauke labarin ɗungurungum daga ɗakin mata ya kai shi fada. Wanda ake hanawa fita ya zama Musa, ɗan Sarki Abdurrahman. Mai ƙulla makirci ya zama Waziri. Abin da za a rasa ya zama gadon sarauta. Ana iya cewa littafin 'yan makaranta ne, dole a cire zancen farka. Haka ne, amma cirewa daban, abin da aka sa a gurbinsa daban. Akun nan baƙo ne a garin, sayo shi aka yi, ba shi da dangi ko dakaru, da magana kaɗai ya tsare gidan Sarki, da ita kuma aka naɗa shi Waziri. A kashi na biyu ya kare martabar ƙasarsa a gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A kashi na uku sai ga malamin Midil ya fito sarari: Waziri aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar, yana yi masa tambaya, yana gyara masa, yana tsawata masa in ya yi kuskure. Mu da ke horar da malamai, kashin nan na uku ya cancanci mu karanta shi da idon sana'armu.

Abin mamaki shi ne, Imam ya rubuta labarin akun kafin shi kansa ya taka irin wannan rawa. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya zama editanta na Hausa, ya tsaya tsakanin Turawan mulki da sarakuna da masu karatu, kowane ɓangare yana zargin ya fi karkata ga ɗayan. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tafiyar da ta haifar da Tafiya Mabuɗin Ilmi. A can ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya tsara, amma ya gana da Lugga ya bayyana masa koke-koken 'yan bokon Arewa game da mulkin En'e, ya kuma ci gaba da rubuta masa wasiƙu. Wasu sun kira wannan tsoro, wasu sun kira shi hikima. Ko ma wanne ne, hanyar Waziri aku ce: ba a tunkarar mai mulki a bainar jama'a, kusa da shi ake matsawa a faɗa masa abin da ba ya son ji ta hanyar da zai iya saurara. Hanyar tana da iyaka, domin samarin da suka kafa NEPU a Kano a 1950 sun ƙi bin ta.

Daga lokacin da ya hau kujerar edita har rasuwarsa a 1981, Imam ya yi siyasa, ya yi aikin hukuma, ya rubuta littattafan tarihi da na addini, amma bai sake fitar da ƙagaggen littafi mai girman Magana Jari Ce ba.