Tarihin Kafur: Daga Dazukan Sumatra Zuwa Akwatin Kaka

 Yau za mu leƙa cikin akwatin kaka. Duk wanda ya taɓa buɗe adakar da ake ajiye kayan Sallah, ko ɗakin amaryar da aka jera wa lefe, ya san wannan ƙamshi mai hawa kai. Wasu 'yan fararen ƙwallaye ne kamar alawa, ana cusa su tsakanin zannuwa saboda asu da kyankyaso, kuma kowa kafur yake ce musu. To amma abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, mafi yawan abin da ake sayarwa a kasuwa da wannan suna ba kafur ba ne, sunan kawai ya gada.

Kafur na ainihi daga itace yake fitowa. Akwai wata doguwar bishiya a dazukan Sumatra da Borniyo, a yankin Indunusiya da Malesiya na yau, wadda ake tsaga gindinta a tarar da farin abu ya daskare a ciki kamar gishiri. Akwai kuma wata bishiyar a Sin da Japan da Taiwan wadda ake dafa guntayenta a tace tururin. Tashar jiragen ruwan da ta fi shahara da wannan haja ita ce Barus, a gaɓar yammacin Sumatra, wadda Larabawa ke kira Fansur. Mutanen yankin suna ce masa kapur, Larabawa suka ce kafur, mu ma muka karɓa daga wajensu. Ya yi daraja a wurinsu ƙwarai. An ambace shi a Suratul Insan, kuma ya zo a hadisi cewa a sa shi a wankan ƙarshe na mamaci. Masu kuɗi kuma suna yin akwatuna da katakon bishiyar, domin ƙamshinsa na korar ƙwari daga tufafi.

A ƙarni na 19 buƙatarsa ta ƙaru, saboda masana'antun Turai sun gano da shi ake haɗa wata irin roba ta farko, wadda daga baya aka riƙa yin fim ɗin silima da ita. Da Japan ta karɓi Taiwan a 1895, sai ta mai da cinikin kafur na gwamnati ita kaɗai a 1899. Turawa suka ga an riƙe musu wuya, suka dukufa neman mafita, har wani masani ɗan Finland mai suna Gustaf Komppa ya haɗa kafur a ɗakin gwaji a 1903.

To ina ƙwallayen akwatin kaka suka shigo? Labarinsu daban ne, kuma daga kwal ya fara. A farkon ƙarni na 19 Ingila ta soma haska titunanta da iskar gas da ake samu daga kwal. Wannan aiki yana barin wani baƙin kwalta mai wari. A cikin kwaltar nan ne aka ga wasu fararen ƙyalƙyali suna taruwa. Wani malami a Oxford, John Kidd, ya bayyana siffarsu a 1821, ya ba su suna naftalin. A 1826 Michael Faraday ya tantance sinadaran da suka haɗa shi. Ga shi fari, ga ƙamshi mai ƙarfi, ga araha tunda daga sharar masana'anta yake. Sai aka fara mulmula shi ana sayarwa don kare tufafin ulu. A ƙarni na 20 kuma aka ƙara wani sinadarin mai irin wannan aiki, wanda shi ne ake yawan jefawa a banɗaki.

Yadda yake aiki akwai ban sha'awa. Naftalin ba ya narkewa ya zama ruwa a cikin akwati, kai tsaye yake komawa iska. Shi ya sa za ka ajiye ƙwallo, bayan 'yan watanni ka tarar ya ƙanƙance ko ya ɓace. Wannan iskar ce gubar. Kuma asu mai tashi ba shi ke cin tufafi ba, tsutsarsa ce, ita ke cin ulu da gashi da siliki. Iskar ba ta kashe tsutsar sai ta taru sosai a wuri rufaffe. Idan ka watsa ƙwallayen a ƙarƙashin gado ko a lungun ɗaki don ɓera ko maciji, ba za su yi maka wani aikin kirki ba, kai da iyalinka ne za ku yi ta shaƙa.

A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye. A 1956 wasu likitoci a Chicago, suna binciken dalilin da ya sa maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna primaquine ke farfasa jinin wasu mutane, suka gano cewa waɗannan mutane suna da ƙarancin wani sinadari a jajayen ƙwayoyin jininsu, wanda ake kira G6PD. Gado ake yi, ya fi bayyana a maza, kuma ya fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, wato Afirka da Gabas ta Tsakiya da gaɓar Bahar Rum. Mai wannan ƙaranci zai iya rayuwa lafiya lau bai ma san yana da shi ba, sai ranar da ya haɗu da abin da ke tayar da shi. Naftalin na cikin waɗannan abubuwa.

A 1963 likitoci a Girka suka ba da rahoton jarirai da jininsu ya farfashe bayan sun shaƙi naftalin daga tufafi da barguna da aka ajiye da shi. Likitocin yara a Najeriya ma sun daɗe suna wannan gargaɗi. Ku duba yadda muke yi: mai ciki ta sayi kayan jariri tun da wuri, ta jera a akwati, ta zuba kafur don kada wani abu ya taɓa su. Ranar haihuwa a ciro a sa wa jariri. Bayan kwana biyu ko uku idanunsa su yi ɗorawa, a ce shawara ce, a fara jiƙe-jiƙe. Alhali idan shawarar jariri ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko nakasa, ko ma ta yi ajalinsa. Ga kuma yara masu rarrafe da ke tsintar ƙwallon su kai baki, suna zaton alawa ce.

Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa naftalin cikin abubuwan da ake zargi da iya jawo ciwon daji a 2002, Tarayyar Turai kuma ta hana sayar da ƙwallayensa a 2008. A kasuwanninmu kuwa har yau ana sayar da su a ƙulle a leda, ba takardar gargaɗi.

To mene ne abin yi? Kada kafur ya kusanci kayan jariri ko ɗakin mai jego. Idan ya riga ya taɓa su, a wanke su sosai, a shanya su a rana da iska har ƙamshin ya fita gaba ɗaya. Sauran tufafi kuma a wanke su kafin a ajiye, domin tsutsar asu ta fi son inda gumi da maiƙo suka taɓa, a riƙa fito da su ana shanyawa lokaci-lokaci, a rufe su a abin da ƙwaro ba zai shiga ba. Idan kuma kuka ga idon jariri ya yi ɗorawa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira suna.

Ku tura wa masu ciki da masu haɗa lefe a gidajenku, kuma ku faɗa mana me ake ce wa waɗannan ƙwallaye a garinku.