Daga Akushi zuwa Tebur: Yadda Kafinta Ya Tarad da Masassaƙi

Wanda ya ke son sanin lokacin da teburin cin abinci ya shiga gidan Bahaushe, sai ya fara da duban kalmar kanta. Tebur baƙuwar kalma ce daga Ingilishi, kuma ta bi hanyar da fensir da kyandir suka bi, watau harafin l na ƙarshe ya koma r a bakin Hausawa. Haka benci da kabad, har da sunan mai yin su, kafinta, duk aro ne. Amma akushi da turmi da taɓarya da muciya sun riga su zama a harshen da nisa, mai yin su kuwa shi ne masassaƙi.

Bambancin mutanen nan biyu shi ne tushen zancen. Masassaƙi yakan sari gungume ɗaya na kirya ko maɗaci, ya sa gatari da gizago ya yi ta ragewa har turmi ko kujera 'yar tsugunno ta fito. Ba ya haɗa wani itace da wani. Kafinta kuwa aikinsa haɗi ne. Sai an tsaga itace da zarto ya zama katako, an goge shi, an fid da ƙafafu huɗu tsawo ɗaya, sa'an nan a huda rami a jikin kowace ƙafa, a fiƙe bakin katakon da zai riƙe ta a cusa, a bi da ƙusa, kana a shimfiɗa na sama. In ƙafa ɗaya ta gaza ko da faɗin yatsa, miya ta zube. Gizago ba ya iya wannan aiki, don haka tebur bai samu ba sai da zarto da awo suka zo.

Zuwansu kuwa tare da mulkin Turawa ne. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, kuma cikin abin da a ke koyarwa har da sana'o'in hannu, aikin katako na ciki. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Wannan ya fi muhimmanci bisa ga yadda a kan zata, gama itatuwan ƙasar Hausa ba su cika miƙewa su ba da dogon katako ba, giginya kuwa azara ta ke bayarwa. Jirgi ne ya sauƙaƙa kawo katakon kurmi irin su loko. Amma fa katakon kudu yana da nasa hali. In ya zo ɗanye aka yi aiki da shi nan da nan, da hunturu ya busa sai ya tsuke ya tsage, saman tebur ya yi baki. Kafintan kirki yakan jingine shi a inuwa ya sha iska tukuna, ya kuma tsare shi daga gara.

Ko da tebur ya samu, ba ɗakin cin abinci ya fara shiga ba. Ofishin En'e ya shiga, da aji, da kotu. Daga nan ya fita bakin titi, har aka sami sunan mai tebur ga wanda ya ke kasa sukari da ashana da sabulu a ƙofar gida. Harshe ya ba da shaida a nan: in an ce wane yana da tebur, ciniki a ke nufi, ba wanda zai kawo tuwo a ransa.

Dalilin jinkirin ba tsadar katako kaɗai ba ne. Cin abincin Hausawa yana da tsarinsa: tabarma a ƙasa, maza a zaure, mata a cikin gida, yara da nasu kwano, hannuwa da yawa cikin akushi ɗaya, ƙarami kuma ba ya riga babba kai hannu ga nama. Tebur yana so a zaunar da miji da mata da 'ya'ya kafaɗa da kafaɗa, kowa da farantinsa, kujeru kuma a ƙidaye su ke, alhali tabarma ba ta ƙin baƙon da ya yi sallama. Saboda haka gidajen ma'aikata da malaman makaranta, waɗanda suka saba da shi a makarantun kwana, su ne suka fara sa kafinta ya yi musu. A gidaje da yawa ma, bayan an yi shi an shafa masa mai, sai ya zama wurin jera kwanonin uwargida, tuwo kuwa a sauko da shi ƙasa a ci.