Idon Bakwaini da Maganin Hawan Jini

Makon nan tarihin wata makanta na kawo muku.

Daga Jega zuwa Aliero da Maiyama, in aka haifi bakwaini addu'ar kowa Allah ya raya. Ba kasafai ake tuna idonsa ba, alhali jijiyoyin jinin da ke bayan ido ba sa gama tsirowa sai ciki ya cika. In jariri ya rigayi lokacinsa sukan tsiro barkatai, su ja tantanin gani har ya ɓalle.

A 1942 wani likitan Amurka, Theodore Terry, ya fara bayyana cutar. Cikin shekara goma dubban jarirai sun makance, har da mawaƙi Stevie Wonder da aka haifa a 1950. A 1951 Dakta Kate Campbell ta Ostireliya ta zargi yawan iskar oksijin da ake ba su a kwalba, gwajin Arnall Patz a Amurka ya gaskata ta. Da aka tsuke iskar makanta ta ragu, amma mace-mace suka ƙaru. Garin gyaran gira aka rasa ido. Daga nan aka koyi ba da iskar da awo.

Maganin hawan jini kuwa ta bayan gida ya shigo. James Black ya samar da propranolol a shekarun 1960 domin masu ciwon zuciya. A 2008 likitoci a Bordeaux ta Faransa suka lura yana motsar da jan ƙullun jijiyoyin jini a fatar jarirai. Sai Luca Filippi na Italiya da abokan aikinsa suka gwada shi a kan idon bakwaini. Sakamakon 2013 ya nuna alamar sauƙi, amma wasu jariran bugun zuciyarsu ya yi ƙasa, jininsu ya sauka. Shi ya sa suka koma gwada shi a ɗigon ido. Har yau bincike ne, ba maganin da za a saya a kemis a ɗura wa jariri ba.

Don haka in ka sa bakwaini a labarinka, kada ka tsaya a ranar suna. Sa uwarsa ta nemi likitan ido ya duba shi wajen mako huɗu da haihuwa, kafin a yi arba'in. Cutar ba ta nuna alama sai ta yi nisa, kuma in an gano ta da wuri ana iya ceto ganin. Wata mai jego a labarinka za ta fara jin haka.

Allah ya raya mana zuri'a.