Shekel: Kuɗin da Ake Aunawa Kafin a Fara Ƙirgawa

A zamanin da Ibrahim ya sayi kogon Makfela a Hebron don binne matarsa Saratu, babu tsabar kuɗi mai hatimi a duniya. Littafin Farawa ya ce ya biya Efron Bahitte shekel 400 na azurfa, kuma auna ta ya yi a gaban shaidu. Haka ciniki yake a lokacin: mai saye ya zo da gutsattsarin azurfa, ko zobba, ko dunƙule, a ɗora a sikeli, a sa dutse a ɗaya hannun.

Shekel sunan nauyin wannan dutsen ne. A Mesofotamiya, wato Iraƙin yau, nauyinsa kimanin giram 8 ne, daidai da ƙwayar sha'ir 180. Shekel 60 ne maina ɗaya, maina 60 kuma talanti ɗaya, kusan kilo 30. Dokokin sarki Hammurabi na Babila, na wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, da wannan awo suka yanke lada da tara: likitan da ya yi wa babban mutum fiɗa ya warke, ladarsa shekel 10, idan bawa ne, maigidansa ya biya 2.

A ƙasar Yahudiya shekel ya fi nauyi, ya ɗan haura giram 11. Masu haƙar kayan tarihi sun tono ɗimbin duwatsun awo na farar ƙasa, masu ƙoƙon kai, an zana musu alamar nauyinsu. Akwai beka, rabin shekel, akwai fim, kashi biyu cikin uku, akwai gera, kashi ɗaya cikin 20. Da wannan awo Annabi Irmiya ya sayi gona a Anatot kan shekel 17, alhali sojojin Babila sun yi wa Urushalima ƙawanya.

Inda akwai sikeli, akwai mai algus. Kamar ɗan kasuwar da ke da mudun saye daban, mudun sayarwa daban, wasu fatake sukan ɗauki duwatsu iri biyu a jaka: mai nauyi don karɓar azurfa, mara nauyi don biya. Attaura ta haramta wannan, Annabi Amos kuma ya caccaki attajiran da ke rage mudun hatsi suna ƙara nauyin shekel.

Tsabar kuɗi ta ɓulla ne a Lidiya, yammacin Turkiyya ta yau, wajen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa. Hatimin sarki ya tsaya a madadin sikeli, sannu a hankali shekel ya koma sunan tsaba. Wanda ya fi suna shi ne na birnin Taya, wanda aka fara bugawa wajen shekara ta 126 kafin haihuwar Annabi Isa. Nauyinsa kusan giram 14, azurfarsa kuma ta haura kashi 90 cikin 100. Fuska ɗaya hoton gunki Melkart, ɗaya kuma gaggafa. Duk da gunkin, shi aka fi karɓa a Haikalin Urushalima wajen harajin rabin shekel da kowane baligi namiji ke biya duk shekara, domin kyan azurfarsa. Wannan ne ya buɗe wa 'yan canji kasuwa a harabar Haikalin, su ne waɗanda Linjila ta ce Yesu ya kifar da teburansu.

Da Yahudawa suka yi wa Rum tawaye a shekara ta 66 miladiyya, sai suka buga nasu shekel ɗin babu hoton mutum ko gunki, sai ƙoƙon sha da reshen rumman. Rumawa sun rushe Haikalin a shekara ta 70, bugun ya tsaya. A 1980 Isra'ila ta farfaɗo da sunan ta maye gurbin lira da shi, hauhawar farashi kuma ta tilasta mata fito da sabon shekel bayan shekara biyar, kowane ɗaya a madadin tsoho 1,000.