Tarihin auna ƙarfin manhajojin ches

Auna ƙarfin manhajojin ches shi ne haɗa manhajojin kwamfuta su kara da juna, a lissafa sakamako, a jera su daga gwani zuwa na baya. Ma'aunin makin da ake amfani da shi, tun asali don mutane aka yi shi. Arpad Elo, malamin fiziks haifaffen Hungari da ya koyar a Amurka, shi ya tsara shi. Hukumar ches ta Amurka ta karɓe shi a 1960, hukumar duniya FIDE kuma a 1970. A lissafinsa, wanda ya ɗara abokin karawarsa da maki 200 ana sa ran ya kwashe kusan kashi 76 cikin ɗari na sakamakon.

A ɓangaren manhajoji, da gasa aka fara. A 1970 manhajar Chess 3.0 ta Jami'ar Northwestern ta ci gasar farko a New York, sannan Kaissa ta Tarayyar Sobiyet ta zama zakarar duniya ta farko a Stockholm a 1974. Sai dai wasa huɗu ko biyar ba ya nuna ƙarfi. Ko a filin kokowa, ƙaramin ɗan kokowa kan kada gwarzo sau ɗaya, amma a sake gamuwa sau goma a gani.

Ƙungiyar SSDF ta Suwidin ce ta gyara wannan, da jerin da ta soma fitarwa a 1984. A lokacin mambobinta kan ajiye na'urori biyu a gida, mutum ya duba abin da ɗaya ta buga, ya matsa shi da hannu a allon ɗayar, ya zauna jira, kowace na'ura tana da awa biyu don bugu arba'in. Aiki ne na masu haƙuri. A jerinsu ana rubuta sunan manhaja, da injin da ta hau, da iyakar kuskuren da lissafin kan iya yi. Wannan tsari ya fi duk wani kofi amfani.

A 1997 Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov da 3½ da 2½, amma wasa shida ne kacal, kuma ba ta sake bugawa ba. Bayan Deep Fritz ta ci Vladimir Kramnik 4 da 2 a Bonn a 2006, manyan karawa da mutane suka yi wuya. Shi ya sa makin sama da 3500 da jerin manhajoji na CCRL ke ba manhajar Stockfish ba a ɗora shi kai tsaye kan 2882 da Magnus Carlsen ya kai a 2014, don kowane a cikin tsaransa aka auna shi.

Sharuɗɗan wasa ma kan jawo gardama. A 2017 manhajar AlphaZero ta ci Stockfish 28 cikin wasa 100, saura 72 canjaras, masu suka suka ce an ƙayyade minti ɗaya ga kowane bugu kuma an hana Stockfish kundin buɗe wasa.

Matsalar yanzu yawan canjaras ce. Gasar TCEC, wadda aka fara a 2010, takan ba manhajoji farkon wasa mai ɗan rinjaye, kowacce ta buga shi da fari sannan da baƙi. Masu gina Stockfish kuwa tun 2013 suna da Fishtest, inda ƴan sa kai ke ba da aron kwamfutocinsu, a buga dubban wasanni kafin a amince da gyara guda.